Manhajar hira ta yaran shago: abin dubawa kafin a ce kowa ya sauke

Ɗauki sana'ar mutum takwas, irin wadda ta cika garin Maraɗi. Maigida yana shago a babbar kasuwa, akwai mai riƙe da makullin magaze, direba biyu, yaro mai zagaya kasuwannin ƙauye yana auno wake da aya, mai rubuta lissafi, da yaran shago biyu. Da hantsi mota ɗaya tana Tasawa, ɗaya ta kama hanyar Ɗan Isa, mai awo kuma yana wajen Dakoro inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa. Mutanen nan suna buƙatar wuri guda da maganar aiki za ta riƙa taruwa, ta yadda in an tambayi buhu nawa aka loda ranar Laraba, za a samu amsa ba sai an kira mutum huɗu ba.

Manhajojin da ake ambata ba su da yawa: WhatsApp, Telegram, Slack, Teams na Microsoft, Google Chat, wani lokaci Signal. Dukansu suna kai saƙo, kuma da saƙo ne kaɗai matsalar da ba a tsaya dogon bayani ba. Inda suka bambanta shi ne wa zai iya amfani da su a cikin yaranka, da kuma hannun wa maganar take zama ranar da waya ta ɓace ko yaro ya bar aiki.

Fara da ƙirga masu rubutu. Cikin mutum takwas ɗin nan, nawa ne ke buga saƙo da yatsa ba tare da wahala ba? A kasuwarmu za ka tarar da mutum mai kaifin lissafi, ya haddace bashin mutum hamsin, amma karatunsa na allo ne, boko kuwa lambobi kawai yake ganewa. Shi saƙon murya ne rubutunsa, abin da muke kira vokal. Slack da Teams an gina su ne don mutanen da ke zaune gaban kwamfuta suna rubutu yini guda, kuma galibi ba a shiga cikinsu sai da adireshin imel. In rabin yaranka ba su da imel, ko suna da shi amma mai gyaran salula ne ya buɗe musu kuma ba wanda ya san kalmar sirrin, to kafin mako ya zagayo za su koma WhatsApp. Daga nan maganar aiki ta rabu gida biyu, abin da ya fi zama a wuri guda muni ko da wurin bai da tsari.

Sai wayoyin. Kada a gwada manhaja a wayar maigida, tasa ce mafi kyau a gidan. A nemo mafi rauni, ƴar itel ko Tecno mai giga 2 na ƙwaƙwalwar aiki da giga 32 na ajiya, wadda wa'azi da hotunan biki suka riga suka cinye rabinta. A sauke manhajar a kanta, a ba mai awo ya tafi da ita ƙauye. Daga can ya turo abu uku: rubutu layi ɗaya, hoton takarda, da vokal na rabin minti. Sannan ya kashe intanet, ya rubuta saƙo, ya sa wayar a aljihu, ya kunna bayan awa guda, a ga ko saƙon zai tafi da kansa ko sai an sake turawa. Wannan gwajin ya fi duk wani talla. WhatsApp da Telegram suna wuce shi cikin sauƙi. Teams yana da nauyi a ƙaramar waya, wajen buɗewa da wajen cin wuri.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Slack na biya yana kaiwa wajen dala 9 ta Amurka ga kowane mutum a wata (dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta faran 5 ba, kada wani ya yi murna), wato kusan jika 5. Mutum takwas jika 40 ke nan duk wata, kusan jika 480 a shekara, kuma da katin banki ake biya, ba da kuɗin da ke cikin layin waya ba. Akwai Slack na kyauta, sai dai saƙonnin kwana 90 na baya kawai yake nuna maka, abin da ya wuce shekara kuma gogewa yake yi. Ga mai sana'ar hatsi wannan babbar illa ce. Waken da aka auna da kaka, watan Oktoba ko Nuwamba, sai bazara ake fito da shi. Ranar da za ka nemi farashin da aka sayo shi da sunan wanda ya karɓi kuɗin, wata biyar ko shida sun wuce, saƙon ya shige bayan ƙofar da sai ka biya za a buɗe maka.

Ba ina cewa manyan manhajojin ba su da wurinsu ba. Ofishin lissafi, makaranta mai zaman kanta, ɗan kwangilar da ke aiki da ƙungiyoyin agaji, duk inda kowa ke da kwamfuta kuma an riga ana biyan Microsoft 365 ko Google Workspace, to Teams ko Google Chat ne daidai, tunda galibi suna tafe da abin da ake biya. Abin da kuɗin ke saya maka a can abu guda ne mai daraja: asusun ma'aikaci na kamfani ne. Ranar da ya tafi, a rufe asusun, ƙofa ta rufe, saƙonni su zauna a gida. Signal kuwa yana da kyau wajen sirri, amma bai ƙara wa ɗan kasuwa wani abin da zai sa ya tilasta wa mutum takwas sauke sabuwar manhaja ba.

Saura biyu ke nan, kuma a tsakaninsu ne zaɓin mafi yawan ƴan kasuwar garin nan yake.

Telegram

Ƙarfin Telegram shi ne saƙonni ba a cikin waya suke zaune ba, suna wurin kamfanin. Waya ta faɗa ruwa, ka sayi wata, ka sa lambarka, komai ya dawo har da hoton rasit na bara. Sabon yaro in ya shiga gurup, ana iya barinsa ya ga duk abin da aka yi kafin zuwansa. Ana iya raba gurup guda zuwa ɗakuna, ɗakin oda, ɗakin motoci, ɗakin magaze, ba sai an buɗe gurup uku ba. Ga mai ƙaramar waya kuma akwai wani alheri: za ka iya saita shi ya riƙa share hotuna da bidiyo daga wayar bayan ƴan kwanaki, alhali suna nan a ajiye, in ka taɓa su sake saukowa. Yana ɗaukar fayil har giga 2, kuma mutum na iya ɓoye lambarsa ga sauran ƴan gurup.

Rauninsa biyu. Hirar gurup a Telegram ba ta da irin kullin da ke hana kowa karantawa sai mai turawa da mai karɓa. Wannan kullin sai a hirar sirri ta mutum biyu. Na biyu, wanda ya fi shafar kasuwa: mutum na iya goge saƙonsa daga wurin kowa ko da ya daɗe, kuma ba ya barin tabo a cikin hirar. Admin yana da wurin da yake ganin abin da aka goge ko aka gyara, amma na awa 48 ne kawai. Wanda ya rubuta buhu 40 yau, ya share bayan wata guda, ba abin da za ka nuna.

Akwai kuma cewa masu sayen kayanka ba sa can. Wasu na ganin wannan aibi ne. Ni a ganina rabinsa alheri ne, domin in aka ce Telegram na aiki ne kawai, duk ƙarar da ta fito daga cikinsa yaro ya san ba gaisuwar Juma'a ba ce.

WhatsApp, in an ɗaure shi da kyau

Yawancin masu karanta wannan a WhatsApp za su tsaya, kuma ba laifi. Kowa na da shi, tsoho da yaro sun iya shi, saƙonninsa a kulle suke daga waya zuwa waya, vokal na minti guda bai kai mega ɗaya ba. Sai dai an yi shi ne don hirar dangi da abokai, don haka abin da manhajar ofis ke yi da kanta, a nan kai za ka yi shi da hannu.

Abu na farko layi. A sayi layi na sana'a, na Airtel ko Moov ko Zamani, duk wanda ya fi kamawa a inda motocinku ke bi, a yi masa rajista da katin shaidar maigida. Kada a yi da katin yaro, komai amanarsa, domin ranar da layin ya ɓace mai katin ne kaɗai za a sabunta wa. A sa shi a wayar da ke kwana a shago, a sauke WhatsApp Business a kanta. Wannan lambar ita ake rubutawa a allon shago da kan faktir, ita ce ke buɗe duk gurup ɗin aiki. Dalilin a fili yake: mai saye lamba yake bi. In shekara uku yana turo oda ta lambar yaronka, ranar da yaron ya buɗe nasa shagon da cinikin zai tafi, kuma ba sata ya yi ba.

Lamba guda tana iya aiki a na'ura huɗu bayan uwar wayar. A wayar da ke Faransanci wurin ana kiransa "Appareils connectés". Nan za a haɗa kwamfutar mai lissafi da wayar babban yaron shago, su riƙa amsa masu saye da sunan shago. A kiyaye abu guda: in uwar wayar ta yi kwana 14 ba a buɗe WhatsApp a kanta ba, sauran duk za su fita. Haka ke faruwa in maigida ya tafi Umara ya kulle wayar a durowa.

Na biyu, lambar sirri. Cikin saiti, ƙarƙashin "Compte", akwai "Vérification en deux étapes". A sa lamba shida, a haɗa da imel, a kan wayar shago da wayar kowane admin. Satar WhatsApp da aka fi yi ba ta buƙatar wata gwaninta. Mutum ya kira, ya ce daga wata ƙungiya yake ko za a sa ka cikin taron intanet, ya ce wata lamba shida ta shigo wayarka, karanto masa. Wannan lambar tabbatarwa ce da WhatsApp ke turowa, daban take da lambar sirrin da ka sa, kuma in ba ka sa lambar sirri ba, ita kaɗai ce makullin asusunka. Da ya samu, ya shiga gurup da sunanka da hotonka, ya ce wa mai lissafi a tura jika 200 wurin wane yanzu-yanzu. Saboda haka a kafa doka tun ranar farko: duk umarnin fitar da kuɗi, ko daga lambar Alhaji ya fito, sai an kira an ji muryarsa. A kuma hana GBWhatsApp da ire-irensa a wayar duk wanda ke cikin gurup. Ba na kamfanin ba ne, ana rufe lamba saboda su, kuma ba ka san wanda ke ganin abin da ke wucewa ta cikinsu ba.

Na uku, yawan gurup. Uku sun isa sana'ar mutum takwas. Na kaya da motoci, kowa na ciki. Na kuɗi, mutum uku kawai: maigida, mai lissafi, mai magaze. Na sanarwa, wanda admin kaɗai ke magana a ciki, don farashin yau da canjin naira. Kowane gurup ya samu admin biyu, lambar shago da lambar maigida ta kansa, don in ɗaya ta samu matsala ɗaya na nan. A cikin saitin kowane gurup a hana membobi canza saiti. In ba a yi haka ba, kowa na iya kunna saƙo mai ɓacewa, na awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90, kuma sai an zo neman rasit a tarar da fili. A kuma kunna amincewar admin kafin sabon mutum ya shiga.

Yanzu ga inda aikin yake, wato vokal. Ba za ka hana shi ba, kuma bai kamata ka hana ba. Amma wurin bincike na WhatsApp ba ya jin abin da ke cikin murya. In direba ya yi vokal na minti uku, ya fara da gaisuwa, ya bi ta kan tayar da ta fashe a Gazawa, a tsakiya ya ambaci buhun da ya sauke, to bayan wata biyu sai an saurari vokal ɗari kafin a gano shi. Maganinsa shi ne duk vokal mai ɗauke da adadi a bi shi da layi ɗaya a rubuce. In mai maganar ba ya rubutu, mai lissafi ya saurara, ya danna amsa a kan vokal ɗin, ya rubuta, shi kuma mai maganar ya sa alamar yatsa in daidai ne. Tsarin layin kada ya canza: kaya, adadi, farashi, wuri, suna. Ga misali, lambobin na nuni ne kawai: "Wake, buhu 40, 22.500 F, Tasawa, mota ta biyu". Ranar da aka buga "wake" a wurin bincike, duk za su jero.

Harafin F ɗin nan ba ado ba ne. Mu da baki da dala muke ƙirga, in an ce ɗari ana nufin 500 F. Abokin ciniki na Jibiya ko Katsina ko Kano in ya ce ɗari, naira ɗari yake nufi. Gurup ɗin da ke da lambobin +227 da +234 a haɗe, adadin da ba a rubuta kuɗin wace ƙasa ba ne rigima ce ke jiran ranarta. A rubuce, sefa da cikakken adadinta da F, naira da N, ba dala, ba jika.

Tunda an zo kan iyaka: WhatsApp yana zama a kan lambar da aka buɗe shi da ita, ko da an cire layin an sa na Najeriya don samun intanet. Direba ba ya buƙatar sabon asusu don ya ƙetare Ɗan Isa. Amma ranar da ya canza waya, lambar tabbatarwa tsohon layin za ta je. In ya bar layin ya mutu har aka sayar wa wani, asusun ya tafi, kuma sabon mai lambar na iya tsintar kansa a cikin gurup ɗinku. Duk lambar da ta yi shiru wata guda, a tambaya, in an canza a cire ta.

Rasit ɗin aika kuɗi, na Nita ko Amana ko Al Izza, ana ɗaukar hotonsa a shimfiɗe, da haske, ba a hannu cikin mota tana tafiya ba. WhatsApp yana matse hoto don ya rage mega, ƙananan lambobi su dushe. In takarda ce mai ƙananan rubutu, kamar ta duwan, a tura ta a matsayin fayil, haka za ta isa yadda aka ɗauke ta. Lambar cirar kuɗi kuwa ba ta shiga gurup, a rufe ta da yatsa wajen ɗaukar hoto, a tura wa mai karɓa shi kaɗai.

Ko an yi duk wannan, gurup ba littafin lissafi ba ne. Mai saƙo na iya gyara shi cikin minti 15, yana iya goge shi daga wurin kowa har wajen kwana biyu. WhatsApp yana barin alamar an goge, ya fi Telegram a nan, amma alamar ba ta faɗa maka buhu nawa ne. Don haka mai lissafi ya kwashe abin da aka rubuta a yini zuwa littafi ko kwamfuta kafin a rufe shago, kullum.

Sai ajiya, wadda ita ce babban raunin WhatsApp, tunda saƙonni a cikin waya suke. A wayar shago a saita ajiyar Google Drive ta kullum, a cire bidiyo daga ciki. Google giga 15 yake bayarwa kyauta, Gmail da hotuna da Drive duk a ciki, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ma a cikinsu ake ƙirga ta. In ya cika, ajiya ta tsaya, kuma mutane kan yi wata da watanni ba su lura ba. A ware rana guda a mako a duba kwanan watan ajiya ta ƙarshe. Adireshin Gmail ɗin da kalmar sirrinsa a rubuta a takarda, a ajiye inda ake ajiye takardun gida. Wanda ya kulle ajiyarsa da kalmar sirri ya sani in ya manta ta, kamfanin ma ba zai iya buɗe masa ba. Ƙarshen kowane wata kuma a fitar da hirar gurup ɗin kuɗi, a tura ta imel. Ba tare da hotuna ba yana ɗaukar saƙo har 40.000.

Don mega, kowa ya shiga "Stockage et données" ya kashe saukar bidiyo da fayil da kansu, ya bar hoto kawai. Forfen yaro na mako yana iya ƙarewa a bidiyo uku da wani ya turo. Shi ya sa wa'azi, barkwanci da labarin siyasa ba sa shiga gurup ɗin aiki. In ana so, a buɗe musu na huɗu. Ƙaramin batirin caji a shago da cajar mota ga kowane direba su ma cikin kayan aiki suke, musamman watannin zafi da kuran ke yawan ɗaukewa.

Ranar da aka sace wayar shago, maigida ya ɗauki katinsa ya je ofishin kamfanin layi a sabunta masa lambar a ranar, ya sa ta a wata waya, ya shiga WhatsApp. Da ya shiga, wayar ɓarawo ta fita. In ba a sa lambar sirri ba tun farko har ɓarawon ya sa tasa, ana iya jiran kwana 7 kafin a shiga.

Ranar da yaro ya bar aiki, ko da lafiya aka rabu, abu huɗu ake yi kafin magariba: a cire shi daga kowane gurup, a cire wayarsa daga na'urorin da aka haɗa, a sabunta mahaɗin gayyata don tsohon ya daina aiki, a canza lambar sirri in ya san ta. Abin da ya riga ya sauka a wayarsa kuwa ya zama nasa, ba maɓallin da ke dawo da shi. Dalilin da ya sa gurup ɗin kuɗi bai wuce mutum uku ba ke nan, kuma jerin masu bashi da farashin sari ba sa shiga babban gurup.

In an yanke shawarar ƙaura, daga tsohon gurup zuwa sabon tsari ko zuwa Telegram, kada a yi ta ranar Litinin ko Juma'a, kasuwa na ci ba mai natsuwar koyon sabon abu. A zaɓi Laraba da yamma, a tara kowa da wayarsa a shago, a yi saitin tare, kowa ya tura vokal ɗaya da layi ɗaya na gwaji. Tsohon gurup kada a goge shi, akwai rasit a ciki. A mayar da shi admin kaɗai ke magana, a bar shi haka. Makonni biyun farko, duk wanda ya kira maigida da maganar buhu ko kuɗi, maigida ya saurare shi, sannan ya ce masa ya je ya sa a gurup, kuma mai magaze kada ya buɗe ƙofa sai ya ga layin a rubuce.